Yadda ake tsara tafiyar mota daga Garwa zuwa bakin teku: Kiribi da Limbe, zango-zango

Daga Garwa a arewacin Kamaru zuwa Kiribi a bakin tekun kudu tafiyar kilomita wajen 1,400 ce, kuma sai a kilomita 25 na ƙarshe ake fara ganin ruwan teku. Nan ne lissafin mutane ke ɓaci. Sai mutum ya ware mako ɗaya, hanya ta cinye kwana shida zuwa da dawowa, ya isa Kiribi da daddare a gajiye, washegari ya ɗauki hoto ya juyo. Wanda zai kai iyalinsa su ga teku kada ya fara da ƙirga kilomita. Ya fara da tambayar inda Azahar za ta riske shi kowace rana. A wurin ne za a yi salla, a ci abincin rana, a sha mai, direba ya miƙe ƙafa, duk a tsayawa ɗaya. In aka tsayar da wannan, wurin kwana da lokacin tashi su ke kawo kansu.

Wata da ranar tashi

Daga Disamba zuwa Fabrairu ne lokacin. Damina ta ɗauke a kudu, hanyoyin jar ƙasa sun bushe, sararin sama na buɗewa. Kiribi na samun ruwa mai yawa daga Satumba zuwa Nuwamba, da kuma wani daga Maris zuwa Yuni. Duwala da Limbe kuwa a Yuli da Agusta ruwa kan wuni yana zuba, kuma lokacin ne yara ke dogon hutu, shi ya sa masu zuwa a watannin nan su tsaya kan Kiribi, inda ake ɗan samun sauƙin ruwa. Makon Kirsimeti da sabuwar shekara Kiribi na cika da mutanen Yawunde da Duwala, ɗakuna su yi tsada su kuma yi wuya. Tsakiyar Janairu ta fi kwanciyar hankali.

Ranar tashi ita ma ba a zaɓenta da ka. Ka tashi daga Garwa ranar Asabar. Asabar ka kwana Ngaundere, Lahadi Bertuwa, Litinin Yawunde, Talata ka shiga Kiribi. Laraba ta same ka a can, ita da Asabar su ne ranakun da masunta suka fi sauke kifi a Mboa Manga, kasuwar kifin Kiribi. Alhamis ka yi kudancin Kiribi, Juma'a ka yi salla a Duwala ka wuce Limbe, Asabar ka wuni a can, Lahadi ka fito. Fitowar Lahadin nan da dalili: tun da rikicin yankunan masu Turancin Ingilishi ya ɓarke a 2016 zuwa 2017, Litinin ta zama ranar zaman gida a yawancin garuruwan yankin Kudu maso Yamma, baƙo ba ya son ta same shi a kan hanya. Laraba ta biyu kana gida. Kwana 12 ke nan.

In kwanakin sun yi maka yawa, ka bar motarka a gida. Jirgin ƙasa na Camrail na tashi daga Ngaundere da yamma ya kwana yana tafiya, kilomita 620 da 'yan kai, ya shiga Yawunde da safe, kuma akwai ɗakunan kwana masu gado biyu da masu gado huɗu. A Yawunde sai ka ɗauki hayar mota da direbanta. Wannan na rage kwana biyu, ya rage gajiya mai yawa, ga mai tsofaffi ko jarirai shi ne zaɓin da ya fi. Ka sayi tikitin ɗakin kwana tun da sauran kwanaki.

Mutanen Marwa su ƙara kwana ɗaya a kowane ɓangare, tunda Marwa zuwa Garwa wajen kilomita 210 ne. 'Yan'uwa na Chadi da ke ta wajen Mundu, hanyar Tuboro ta kwalta za ta kawo su Ngaundere kai tsaye. Su riƙe takardar inshora mai ruwan hoda ta CEMAC, ƙungiyar ƙasashen yankin tsakiyar Afirka, da katin rigakafin shawara na kowa da kowa.

Motar da takardunta

Motar da ta saba da zafin Garwa da ƙurar hunturu tana da cututtukanta da ba sa nunawa sai ta shiga kudu. Na farko roban waifa. Rana ta gasa shi ya tsage, watanni ba a kunna shi ba, sai ruwa ya tsuge a kurmin Abong-Mbang ka tarar yana shafa laka a gilashi. Ko da rani ne ana samun ruwa a kurmi, don haka a sauya shi kafin tashi, a cika tankin ruwan wanke gilashi. Na biyu matatar iska, a sa sabuwa. Na uku tayoyi: ka duba gefensu, in akwai ƙananan tsaga zafi ya ci su, kada ka dogara da cewa zanen bai goge ba. Safaya biyu sun fi ɗaya in akwai wurin ajiyewa. A juye baƙin mai, a duba lagireto da fambel, a kwance ƙafafu a ga birki da ido. Duk wannan a gama shi mako guda kafin tafiya, a yi yawo da motar kwana biyu ko uku. Gyaran da aka yi daren tashi shi ne ke kwancewa a daji.

A kowane shinge jandarma ko ɗan sanda zai nemi katin shaidar ɗan ƙasa na kowane babba, lasin tuƙi, takardar mallakar mota da ake ce wa kart-giriz, inshora, da takardar gwajin lafiyar mota. A kan tambayi alamar kusurwa uku ta tsayawa a hanya, da tukunyar kashe gobara wadda kwananta bai ƙare ba, da akwatin magani. Yara a riƙe musu takardar haihuwa. In yaron ba naka ba ne, ɗan wa ko ɗan ƙanwa, ka samo takardar amincewar iyayensa mai hatimin hukuma. Ka haɗa su duka a jaka ɗaya a gaban mota, ba cikin but ƙarƙashin kaya ba.

Ga lissafin mai. Garwa zuwa Yawunde wajen kilomita 1,130 ne, zuwa da dawowa 2,260. Zagayen Yawunde, Kiribi, Duwala, Limbe, a komo Yawunde wajen 840. Da yawon cikin gari ka ce 3,300. Motar da ke shan lita 10 a kilomita 100 za ta sha lita 330. A farashin da aka sa a Fabrairun 2024, sefa 840 kowace litar fetur, kuɗin ya tasam ma sefa 280,000. Ka tambayi farashin ranar ka sake lissafi, ka ɗora kashi goma bisa ɗari saboda lodi da na'urar sanyi da cunkoson Duwala. Kuɗin hanya sefa 500 ne a kowace ƙofa, kuma ƙofofin suna da yawa, ka tanadi canji. Sauran kuɗin ka raba biyu, wani a hannu, wani a Orange Money ko MoMo.

Kwana ukun gangarawa

Ranar farko gajera ce a takarda, kilomita 280, amma ka ba ta awa shida saboda ramuka da manyan motocin da ke jigilar kayan Chadi. Ka tashi bayan Asuba, ka wuce Ngong kafin kasuwa ta cika titi. A Mbe akwai doya mai kyau, ka bar sayenta sai dawowa. Bayan Mbe sai hawan dutsen Ngaundere mai lanƙwasa, ka sa mota a ƙaramar giya, idonka na kan allurar zafi, kada ka yi gigin wuce tirela a kwana. Azahar a Ngaundere, abinci ba matsala, garinmu ne. Kada ka ce da sauran rana bari a ƙara gaba. Ka huta, garin na da sanyi da daddare, a fito wa yara da rigunan sanyi.

Rana ta biyu ita ce mai tsawo, wajen kilomita 510. Maiganga na wajen 160, Garwa-Bulai na wajen 260, can ne zangon rana. Gari ne na kan iyaka da Afirka ta Tsakiya, cike da direbobi da mahauta, akwai masallatai da masu tuwo da shinkafa, ana jin Fulatanci da Hausa. Ka cika tanki a nan. Minti 45 sun isa, domin da sauran kilomita 250 kafin Bertuwa kuma ana so a shiga kafin Magariba.

Rana ta uku, Bertuwa zuwa Yawunde, wajen 340, ta Abong-Mbang da Ayos. Nan aka shiga kurmi, nan kuma ake haɗuwa da motocin gungumen katako. Kada ka bi bayansu kurkusa, kada ka tsaya a gefensu a gangara. A bakin hanya za ka ga naman daji a rataye ko a tukunya, ba namu ba ne. In yunwa ta matsa a Ayos, kifin kogin Nyong da ake kira kanga shi ne abin nema. Wanda ya iya daurewa da guzuri har ƙarfe biyu, ya wuce Birikiteri a Yawunde, unguwar Hausawa, inda tsire da kilishi da masallaci suke wuri ɗaya.

A duk kwanakin nan doka ɗaya ce: rana ta faɗi mota na ajiye. A kudu duhu na rufawa da sauri bayan ƙarfe shida, manyan motoci na lalacewa a tsakiyar titi ba fitila sai ganyen da aka yayyafa a baya, kuma mai taimako ba ya tsayawa da dare. Sannu ba ta hana zuwa.

Talata: Yawunde zuwa Kiribi

Wajen kilomita 290. Ka fita ta unguwar Mvan kafin ƙarfe shida da rabi, in ka yi jinkiri cunkoson fita gari zai ci maka awa guda. Hanyar Yawunde zuwa Duwala ita ce ta fi kowace yawan motoci a ƙasar, kuma ta yi suna wajen haɗari, galibi daga wuce mota a inda ba a hangen gaba. Ka bar bas-bas su wuce ka.

A Bumnyebel a tsaya minti 15 kawai. Masu talla za su kewaye mota da soyayyiyar agada da abarba da mintumba, wato rogon da aka jiƙa aka niƙa aka haɗa da manja da barkono aka dafa cikin ganye, abincin mutanen Basa. Ku ɗanɗana, amma kada a cika ciki, abincin rana na gaba. A Edeya, kilomita wajen 180 daga Yawunde, hanyar Kiribi ta balle hagu tun kafin gadar Sanaga. Ka sha mai a nan. Daga nan kilomita 110 ne cikin gonakin kwakwar manja da kurmi, a tsallake kogin Nyong da na Lokunje.

Zangon rana shi ne Lonji, ƙauyen masunta da ke wajen kilomita 25 kafin Kiribi. Mun fi son a fara nuna wa yara teku a nan ba a cikin gari ba, saboda ƙauyen na cikin lungun gaɓa, ruwansa ya fi kwanciya, ga kwalekwale a jere a kan yashi. Da isarku, kafin kowa ya cire takalmi, a ba da odar kifi, domin gashi na ɗaukar minti 30 zuwa 45. Kafin ya nuna an yi salla an kalli ruwa. Ka ajiye mota a ƙasa mai tauri inda ka ga sawun wasu motoci. Yashin bakin teku na da taushi a ƙasa ko da samansa ya yi kamar daɓe, in taya ta nutse kada ka ƙara wuta, sai ta ƙara haƙa rami. A rage iskar tayoyin, a tone gabansu, a shimfiɗa ganyen kwakwa ko tabarmar ƙafa ta mota, a tura.

Yadda ake sayen kifi a Mboa Manga

Wannan ne abincin ranar da za a daɗe ana labarinsa, a yi shi da kyau. Mboa Manga na bakin kogin Kienke, inda kwalekwalen masunta ke sauke kaya. Tsarin wurin biyu ne: ka sayi ɗanyen kifi wurin masu sayarwa, ka kai wa mata masu gashi da ke gefe, su gyara su gasa, kuɗin gashi daban. Ka yi cinikin biyun kafin a sa wuƙa. Yawancin rigimar da ake yi bayan an ci, daga rashin wannan take, an yi maganar kuɗin kifi ba a yi ta gashi da agada da miyondo na rogo ba. Ka zagaya ka ji farashi wurin mutum uku kafin ka taya, farashin farko na baƙo ne.

Uwargida ita ta fi cancanta ta zaɓa. Kifin da ya kwana a ruwa ba a ƙanƙara ba, idonsa garau yake a kumbure, in an ɗaga murfin kunnensa cikin ja ne jawur, in an danna jikinsa da yatsa naman na dawowa, kuma ƙamshin ruwan gishiri yake yi ba ƙarni ba. Ido ya dushe ya faɗa ciki, ko kunne ya yi ruwan ƙasa da yauƙi, a bar shi ko da rabin kuɗi ne. Waɗanda suka fi daɗin gashi su ne bar da sol da kafiten. Sol faffaɗa ne, namansa na ɓarewa daga ƙashi cikin sauƙi, shi ya fi dacewa da yara. Kusan rabin nauyin kifi kai ne da ƙaya, saboda haka kilo ɗaya na manya biyu ne. Iyali mai manya huɗu da yara uku, kilo uku ya wadatar.

Abin haɗawa shi ne miyondo ko bobolo, rogo ne da aka jiƙa ya yi tsami aka naɗe cikin ganye, miyondo siriri, bobolo mai kauri. Wanda bai saba da tsaminsa ba ya nemi soyayyiyar agada. A ce wa mai gashi ta sa barkono a gefe, nasu na da zafi ƙwarai.

Maganar halal kuwa da sauƙi a nan. Hadisi ya tabbatar da cewa ruwan teku mai tsarkakewa ne kuma mushensa halal ne, kuma a mazhabar Malikiyya duk abin da ke rayuwa a teku ana ci, har jatan lande da ƙaguwa. Abin dubawa shi ne wayar gashin. Wasu na gasa naman alade ko kajin da ba mu san yankansu ba a kan waya ɗaya da kifi. Ka nemi mai gasa kifi zalla, suna da yawa, ka tsaya ka ga an ɗora naka. Miyar da aka riga aka dafa, irin su ndole da mbongo, a tambayi abin da ke ciki, in da nama ne a nemi ta kifi ko ta jatan lande. Yawancin wuraren cin kifi a bakin teku ana sayar da giya a cikinsu, mai iyali ya zo da tabarmarsa da kula, a zuba a koma gindin kwakwa, amma ba daidai ƙarƙashin 'ya'yanta ba, suna faɗowa. In an yi marmarin tuwo ko nama, a tambayi unguwar Hausawa. Da wuya ka shiga babban gari a kudu ba ka samu 'yan'uwa mahauta da masu tsire da masallacinsu ba.

Wanda bai taɓa cin jatan lande ba ya fara da biyu ko uku ya jira. In leɓe ya kumbura ko jiki ya yi ƙaiƙayi ya tsaya nan, in numfashi ya fara wuya a nufi asibiti ba jira.

Lobe, da kudancin Kiribi

Safiyar Laraba, kafin cinikin kifi, a je Lobe, kilomita bakwai kudu da gari. Kogi ne ke zubowa daga kan duwatsu, tsayin wajen mita 20, kai tsaye cikin teku, abin da ba kasafai ake gani a duniya ba. Masu kwalekwale za su kai ku gindin ruwan. Ka daidaita kuɗi na zuwa da dawowa, ka nemi rigar da ke hana nitsewa ga kowa, kada a wuce adadin da jirgin ke ɗauka, a sa wayoyi cikin leda. Da rani ruwan kan ragu, wanda ya zo a Disamba ya fi na Fabrairu ganin ƙarfinsa. Da la'asar sai tsohuwar hasumiyar fitila da Jamusawa suka gina a 1906 a bakin Kienke. Teku na yamma da Kiribi, rana a cikinsa take faɗuwa, ku kasance a wurin tun biyar da rabi.

Alhamis ta kudu ce: Gran Batanga, sannan Mboro inda babbar tashar jiragen ruwa da ta fara aiki a 2018 take, sannan Ebodje mai nisan wajen kilomita 50, ƙauyen da kunkurun teku ke fitowa su yi ƙwai a yashinsa a ƙarshen shekara da farkonta, mutanen garin kuma na kare su. Kampo, a bakin kogin Ntem kan iyaka da Ikwatoriyal Gini, na wajen kilomita 75. Bayan tashar jiragen hanya ta koma jar ƙasa, ƙaramar mota da lodi ta tsaya a Ebodje. A wannan ɓangaren babu tabbacin samun dafaffen abinci, ko dai a tafi da shi a kula, ko da isa a sa a dafa a je yawo a dawo. A cika tanki a Kiribi, a ɗauki ruwan sha lita biyu ga kowane mutum, a juyo kafin ƙarfe uku. Mutanen Chadi su sani cewa bututun man Doba, mai tsawon kilomita 1,070, a nan yankin Kiribi ya shiga teku tun 2003. Sai dai kada a ɗaga waya a ɗauki hoton tashar jirage ko wurin sojoji, yana jawo tsarewa da tambayoyi.

Teku ba Binuwai ba ne

Wanda ya iya iyo a kogi kada ya ɗauka ya san teku. Ruwan na cika ya ja baya kusan duk awa shida, kuma lokacin na matsawa da wajen minti 50 kowace rana. Inda kuka shimfiɗa tabarma da hantsi zai iya zama cikin ruwa da la'asar, ka duba layin ciyayi da tarkacen da ruwa ya bari a yashi, ku zauna bayansa. Abin da ya fi kisa shi ne wata hanyar ruwa da ke komawa ciki da ƙarfi, kuma takan yi kama da wurin da ya fi kwanciya, inda igiya ba ta fashewa. In ta ja mutum kada ya yi kokawa da ita ya nufi tudu, zai gaji ya nutse. Ya yi iyo a gicciye, daidai da tsawon gaɓa, har ya fita daga cikinta, sannan ya nufo waje. Wanda ke tudu ya kira masunta, kada ya faɗa. Yawancin wuraren babu masu ceto. Yara iyakarsu gwiwa, babba na riƙe da hannu, ba a juya wa igiya baya, ba a wanka a bakin da kogi ke shiga teku. Zane da doguwar riga in sun sha ruwa nauyi suke yi su naɗe ƙafa, mata su tsaya inda ruwa ke taɓa idon sawu.

Ana alwala da ruwan teku, amma buta da ruwan daɗi sun fi sauƙi ga ido da baki. Alƙibla a Kiribi arewa maso gabas take: ka ba teku baya, ka karkata hagu sosai, wajen sulusin hanya tsakanin gabas da arewa da ɗan ƙari. Wannan dabarar ba ta aiki a Limbe, inda teku ke kudu da gari, can a duba da waya ko a tambaya. Kwana uku a Kiribi bai kai kwana huɗun da niyyar zamansu ke yanke kasaru ba.

Danshin wurin na da nasa aiki. Wanki ba ya bushewa a wuni ɗaya, a zo da kayan sawa marasa nauyi da yawa. Kilishi da dambun nama da aka buɗe kan yi hunhuna cikin kwanaki kaɗan, a ƙulle su ƙananan ƙulli, ana buɗe ɗaya ana cinyewa. Da yamma wasu ƙananan ƙudaje masu cizo na fitowa a yashi, ga sauro, a zo da man shafawa na korarsu da gidan sauro. Zazzaɓin da ya taso a hanya ko bayan an dawo a je a yi gwaji.

Juma'a a Duwala, Asabar a Limbe

Kiribi zuwa Duwala wajen kilomita 170 ne. Tashin ƙarfe bakwai zai kai ka kafin sha ɗaya in mashigar Duwala ta Yasa ba ta cushe ba. A Edeya yau za ka tsallake Sanaga, ka ga tsohuwar gadar ƙarfe ta Jamusawa ta 1911 a gefe. A Duwala ka nufi unguwar Niyu Bel, can masallacin Juma'a da abincin gida suke, ka bar mota inda akwai mai gadi, kada a bar jaka a kan kujera. Da an sallame a ci a tashi, domin gadar Wuri da Bonaberi na cushewa da yamma. Kogin Wurin nan shi ne Turawan Fotugal suka tarar cike da jatan lande suka sa masa sunan da ya zama Kamaru.

Kafin ka tsallake, ka tambayi direbobin da suka fito Limbe a ranar da 'yan'uwa mazauna can yadda hanya take. Matambayi ba ya ɓata. In sun ce a dakata, ka kwana Duwala, ka je kasuwar kifi ta Yupwe ka ci kifi, tafiyar ba ta ragu da komai ba. In lafiya lau, kilomita 70 ne ta gadar Mungo da Tiko da Mutengene, cikin gonakin roba da ayaba, da shingayen bincike da yawa, kowa ya riƙe katinsa a hannu. Ka tsaya kan babbar hanya, ka shiga gari da rana.

Limbe ba ta kama da Kiribi. Yashinta baƙi ne, daga Dutsen Kamaru mai aman wuta da ya haura mita 4,000, wanda ke tsaye a bayan gari, da sassafe aka fi ganin kansa kafin gajimare ya rufe. An kafa garin a 1858 da sunan Biktoriya, aka sauya masa suna a 1982. Da safe a kai yara gidan namun daji su ga gwaggon biri, sannan lambun itatuwa da aka kafa a 1892, suna kusa da juna. Abincin rana a Dawun Bich, gasasshen kifi a gaban kwalekwale, ƙa'idar ita ce dai ta Mboa Manga, sai dai nan da Turancin buroka ake ciniki. Baƙin yashi na ɗaukar zafi da tsakar rana har ya ƙona tafin ƙafar yaro, a bar musu silifas. Bayan Azahar, in mutanen gari sun ce ba komai, a bi hanyar yamma ta wajen matatar mai ta SONARA zuwa Bakingili, inda narkakken dutsen da ya gangaro a 1999 ya tsallake titi ya daskare dab da teku. Gaba kaɗan Debunsha take, inda ruwan sama na shekara kan kai wajen milimita 10,000, ninki goma na abin da Garwa ke samu. Wannan yankin, dutse a dama teku a hagu, shi ya fi ko'ina kyau a duk tafiyar, a tafi a hankali, a juyo da la'asar sakaliya.

Tsarabar da ke jure hanya ita ce busasshen jatan lande da kifin da aka ƙyafe ya bushe ƙamas, a naɗe a takarda a sa a kwali, ba a leda ba, leda na tara gumi ya ruɓar da shi. Ɗanyen kifi ba zai kai Garwa ba ko da ƙanƙara. Lahadi da sassafe a kama hanya, kilomita 310 zuwa Yawunde. Da isa a kai mota wanki a ce a wanke ƙarƙashinta da ruwa mai ƙarfi, gishirin iskar teku da yashin da ya maƙale su ke fara tsatsa. A sa makaniki ya sake duba birki a Ngaundere, domin dutsen da aka hau ranar farko yanzu gangara ne, motar kuma ta fi nauyi. A sa ta a giya ta biyu tun daga sama, inji ya riƙe ta, ana taɓa birki ana saki. In aka ji ƙaurin birki ko feda ta yi laushi, a samu fili a tsaya rabin awa ya huce da kansa, kada a watsa masa ruwa.